Sabuwar Ciyawar Ado: Yadda Ake Sa Mata Taki da Yadda Ake Raba Ta da Baƙuwar Ciyawa

Da za ka gaya wa manomin gero cewa akwai masu sayen irin kiri-kiri da kuɗinsu su shuka a ƙofar ɗaki, sai ya riƙe baki, domin shi shekara da shekaru yana fama da ita da fartanya. Amma ita ɗin ce dai, wadda wasu ke kira tsarkiyar zomo, Turawa kuma suke ce mata Bermuda, ake shimfiɗawa a filayen ƙwallo da harabar makarantu da farfajiyar gidaje. Naci da taurin ran da suka sa manomi ya gaji da ita su ne suka sa ta dace da ƙasarmu: tana son rana, tana jure tattaki, in fari ya busar da ita kuma da ta ji ruwa sai ta farfaɗo.

Sai dai wannan taurin rai na babba ne. Kiri-kirin da ta fito daga iri jiya-jiya ba ta da shi. In ka durƙusa ka duba ta a kwana na goma, siririn tsiro za ka gani kamar gashin jariri, saiwarsa ba ta kai gaɓar yatsa ba. Ƙwayar yuriya ɗaya in ta kwanta a gindinsa ta ishe ta ƙone shi, maganin ciyawa kuwa bai san bambancinsa da harƙiya ba. Yawancin filayen da na ga sun lalace a watanni biyun farko, masu su ba sakaci suka yi ba. Ƙauna ce ta yi yawa: aka zuba taki da hannu biyu, aka ga haki ya ɓullo aka ɗauko famfon feshi. Abin da nake son ka riƙe shi ne, yaƙi da baƙuwar ciyawa kafin shuka ake cin sa. Da zarar iri ya taɓa ƙasa, sai a ajiye magani a koma hannu da haƙuri na wani lokaci, taki kuma a auna shi kamar gishirin miya.

Fara da awon fili

Ɗauki tef ka auna tsawo da faɗi da mita, ka ninka. Filin da yake mita 10 da mita 10 ya zama murabba'in mita 100, kuma duk lissafin da zan kawo a kan wannan awo yake. Mai murabba'in mita 50 sai ya raba biyu, mai 300 ya ninka uku. Fuloti irin namu na ƙafa 50 da 100 bai wuce murabba'in mita 465 ba gaba ɗayansa, har da inda gini ya zauna, don haka gida da yawa filin ciyawarsu bai kai 100 ba. Buhun taki mai kilo 50 ya fi ƙarfin irin wannan fili nesa ba kusa ba. 'Yan kilo kaɗan za ka saya a awo.

Daga nan sai ƙasa. Filin sabon gini yawanci cike yake da ɓaraguzan bulo, da busasshen siminti, da jar ƙasar da aka cike tushe da ita. A tsince su tas, a kafce ƙasar zurfin taƙi guda na hannu. Siminti da aka bari a binne yana sa ganye ya yi ɗorawa daga baya, mai gida ya ɗauka yunwa ce ya ƙara taki, alhali ƙasar ce ta hana tsiro jan sinadarin ƙarfe. Wanda zai shuka babban fili, kamar na ƙwallo, ya kamata ya kai samfurin ƙasarsa ɗakin gwaji. Akwai masana ƙasa a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, da tsangayoyin aikin gona na jami'o'i irin su Bayero a Kano. Ƙaramin fili na gida zai iya tafiya ba gwaji, domin abin da aka sani game da ƙasar yankinmu shi ne ƙarancin naitirojin da fosfaras da ruɓaɓɓen abu.

A yi hattara da abubuwa biyu da ake shigowa da su a tifa ko a kura. Na farko baƙar ƙasar fadama: tana da kyau a ido, amma sau da yawa da 'ya'yan aya-aya take zuwa. Na biyu takin gida. Kashin shanu da na awaki da bai ruɓe ba cike yake da irin duk hakin da dabbar ta ci, ɗanyen kashin kaji kuma zafi gare shi. In za ka sa, nemi wanda ya daɗe a tare, ya yi baƙi, ya marmashe a hannu ba wari, ka gauraya shi da ƙasa tun makonni kafin shuka. Takin bola kuwa ni ba na ba da shawararsa a inda yara za su yi wasa ba takalmi, saboda kwalba da ƙusa.

Yaudarar ƙasa kafin shuka

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mutane suke tsallakewa saboda ɗoki. Bayan ka kafce ka baje ƙasa da manjagara ta daidaita, kada ka shuka. Ba ta ruwa kamar ka shuka, safe da yamma, ko ka bari ruwan farkon damina ya yi maka. Cikin kwana 10 zuwa 14 filin zai yi kore shar da abin da ba ka shuka ba: harƙiya, tuji, guɗe-guɗe, ƙarangiya, zaki banza, nonon kurciya. Irinsu dama yana nan kwance yana jiran danshi. Ka yaudare shi ya fito tun babu abin da zai cutar.

Yanzu sai kisa. Ƙaramin fili, fartanya ta isa, amma a kankare sama-sama kawai. In ka nitsa fartanya ka juyo ƙasa, ka ɗago sabon iri daga ƙasa ke nan, aiki ya dawo baya. In filin babba ne, ko akwai masu saiwa mai zurfi kamar tofa da aya-aya, to nan ne maganin da ke ɗauke da sinadarin glyphosate yake da amfani. Ta ganye yake shiga ya gangara saiwa, yana kashe duk koren da ya taɓa, kuma da ya faɗi ƙasa ƙasar tana riƙe shi, ba ya hana irin da za ka shuka daga baya tsirowa. Bayan feshi a bar hakin aƙalla mako guda ba a taɓa shi ba, don maganin ya isa saiwa. In kana da lokaci, sake ba da ruwa ka maimaita zagaye na biyu. Wata guda ko fiye za ka rasa, amma watanni na durƙuso ka rage wa kanka.

Wajen sayen magani ka karanta sunan sinadarin da ke jikin kwalba, kada ka tsaya ga sunan kasuwa ko ga cewar mai shago "wannan yana kashe ciyawa". Akwai magungunan da manoma ke fesawa bayan shukar masara ko shinkafa don su ɗaure ƙasa kada haki ya tsiro, irin su atrazine da pendimethalin da butachlor. Waɗannan aikinsu ke nan su zauna a ƙasa makonni ko watanni suna kashe ƙananan iri da zarar sun tsage. Irin ciyawar ado kuwa ƙaramin iri ne. Wanda ya fesa su kafin shuka ko bayanta zai yi ta ban-ruwa yana jiran tsiro, ya ƙare da zargin mai sayar da iri. Shi kuma paraquat, ganye kawai yake ƙonawa ya bar saiwa, ga shi guba mai kisa wadda ba ta da makari. Kada ya shigo gidan da ke da yara.

Lokacin shuka da takin farko

Kiri-kiri 'yar zafi ce. Irinta ba ya tsirowa da kyau sai ƙasa ta ɗumama ta haura digiri 18, shi ya sa shuka a tsakiyar hunturu, Disamba da Janairu, asarar iri ce. A wajajen Kano da Katsina da Maraɗi na fi son a yi yaudarar ƙasa da ruwan farko, a shuka a ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, ta yadda kafin mamakon Agusta saiwa ta kama. In ka shuka cikin Agusta, ruwa ɗaya mai ƙarfi zai tattara irin ya kai shi bakin kwata. Kaduna da Abuja damina tana riga sauka, sai a yi komai da wuri. Mai rijiyar burtsatse yana da wata dama: ya shuka da sanyi ya ɗaga, kafin bazara ta yi tsanani, in dai zai iya tsare ban-ruwa.

Takin farko ana sa shi ne kafin iri, rana ɗaya ko biyu, ko a ranar. Wanda ya dace shi ne kamfa, wato NPK 15-15-15. Lambobin nan uku kason naitirojin da fosfaras da fotash ne cikin ɗari. Na tsakiyar shi ne abin nema a wannan mataki, domin fosfaras ke gina saiwa, kuma ba ya tafiya cikin ƙasa kamar naitirojin; inda ka ajiye shi nan yake zama. Saboda haka dole a cusa shi inda jaririyar saiwa za ta same shi. Awon shi ne kilo 3 ga murabba'in mita 100, wato giram 30 ga kowane murabba'in mita. In 20-10-10 ka samu, sa kilo 2 ka haɗa da kilo 2 na supa don cike giɓin fosfaras.

Kada ka yi awo da ido ko da mudu, mudu ya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa. A ɗora maka a sikeli. Raba takin kashi biyu: kashi ɗaya ka watsa kana tafiya gabas da yamma, ɗayan kudu da arewa, don kada wani wuri ya ƙoshi wani ya kwana da yunwa. Sannan ka bi da manjagara ka gauraya shi da ƙasar sama, kamar zurfin yatsa.

Irin kuwa, wanda aka cire wa ɓawo ya fi saurin fita, rabin kilo zuwa kilo 1 ya ishi murabba'in mita 100. Ƙanana ne ƙwarai, sai a cuɗa su da busasshen yashi kafin a watsa. Ba a binne su. A ja bayan manjagara a hankali, a danne da faifan katako ko a tattaka, iri ya manne da ƙasa. Tururuwa da kaji suna ɗiba, a lura. Ban-ruwa kaɗan-kaɗan sau biyu ko uku a rana, yayyafi ba kwarara ba, don saman ƙasa kada ya bushe. Tsakanin kwana 7 da 14 za ka fara ganin kore.

Makonni shida na hannu

Duk yadda ka yi yaudarar ƙasa, wani hakin zai fito. Kada hankalinka ya tashi, kuma kada ka taɓa famfo. Fitowar farko ma a bar su, domin taka filin a makonni biyun farko ya fi hakin ɓarna. Daga mako na uku, da yamma bayan ban-ruwa ƙasa ta yi laushi, shimfiɗa katako ka durƙusa a kai don nauyinka ya bazu. Ka dafe ƙasa da yatsu biyu na hagu a gefen hakin, ka zare shi da dama, don kada ya taso da 'yan tsiron da ke kewaye da shi. Tsohuwar wuƙar kicin ta fi fartanya a nan.

Ba duka ne suke da gaggawa ɗaya ba. Ƙarangiya da tsidau da kashin yawo su ne na farko, a cire su kafin su yi ƙaya, domin in suka zubar da 'ya'ya, filin da ka yi don yara su yi birgima ya zama abin gudu. Tuji yana kama ƙasa da ƙarfi in ya girma, a cire shi yana ƙarami. Yawansa a wuri ɗaya kuma alama ce ƙasar wurin ta dandaƙe. Masu kauri da ruwa a jiki, irin su fasa ƙaba, a kwashe su a fitar, in an yar a wurin sukan sake kamawa.

Aya-aya ita ce mai wahalar. Ka gane ta da ganye mai sheƙi da kara mai kusurwa uku in ka murza shi a yatsa, kuma kwana biyu bayan aski ta riga kowa tsawo. Abin da kake gani a sama kaɗan ne. A ƙasa 'ya'yanta a jere suke kamar carbi. In ka tsinke ganye, wani zai fito. Dabarar ita ce a riƙa cire ta tun tana da ganye uku ko huɗu, a nitsa wuƙa a fito da ƙwayar in ta samu, a maimaita duk mako. Kowace fitowa daga ajiyar ƙwayar take ci, in ba ta samu ta mayar ba, ƙarfinta yana ƙarewa. Wuri mai kwanciyar ruwa take so, don haka rage yawan ban-ruwa yana cikin maganinta.

Aski shi ma maganin haki ne, kuma mutane suna jinkirta shi don tausayi. Da ciyawa ta kai santimita 5 zuwa 6, a rage ta zuwa 4 da inji mai kaifi, ƙasa a bushe. Ba a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta a aski ɗaya. Aski yana sa kiri-kiri ta daina miƙewa sama ta fara yaɗo tana rufe ƙasa, masu faɗin ganye da ke tsaye kuma in aka sare musu kai sau biyu sau uku da yawansu ba sa tashi. Daga nan kuma sai a sauya ban-ruwa: a rage yawan lokuta, a ƙara zurfi, saiwa ta bi danshi ƙasa.

Taki na biyu

Kamar mako huɗu bayan tsiro, takin farko ya fara ƙarewa, musamman a jigawa inda ruwa ke wanke naitirojin. Yanzu ganye da yaɗo ake so, sai yuriya. Ita kashi 46 cikin ɗari naitirojin ce, ta ninka kamfa sau uku, shi ya sa kilo 1 ne iyakarta ga murabba'in mita 100. A ƙasa mai yashi na fi son rabin kilo, a sake bayan mako biyu ko uku.

Na taɓa ganin abin da ganganci da ita ke yi a gidan wani ɗan'uwana. Da safe aka watsa, raɓa ba ta bushe ba, aka ce sai yamma a ba da ruwa. Ƙwayoyin suka manne a jiƙaƙƙen ganye, rana ta buɗe. Kwana biyu filin ya yi dabbare-dabbare kamar an yayyafa tafasasshen ruwa, har kana iya gane inda mai watsawar ya tsaya ya juya, nan ya fi ƙonewa. Wata guda aka yi ana lallashi kafin ya haɗe. Don haka da yamma ake sa yuriya, ganye a bushe, a cuɗa ta da yashi don ta bazu, a bi ta da ruwa nan take har ƙwayoyin su narke su shiga ƙasa. In an bar ta a sama cikin zafi, ban da ƙuna, wani kason naitirojin ɗin iska yake bi. Kada kuma a sa ta in hadari ya haɗo sosai, ruwan zai kwashe ta zuwa kwata.

Wani lokaci za ka ga buhunan waje da aka haɗa taki da maganin ciyawa wuri ɗaya. Na tsohon fili ne da ya kafu, ba na sabo ba. Haka nan wasu magungunan da ake cewa ba sa cutar da sabuwar shuka, irin su mesotrione da siduron, don ciyawar ƙasashen sanyi aka yi maganar. Kiri-kiri suna yi mata illa.

Yaushe magani zai dawo

Ƙa'idar da aka saba ita ce sai an yi wa filin aski sau uku ko huɗu, wanda yakan kai wata biyu. Ko a lokacin, tsaya ka duba ko akwai buƙata. In hakin tsilla-tsilla ne, hannu ya fi sauƙi da arha.

In masu faɗin ganye ne suka yi yawa, maganinsu 2,4-D, nau'in amine, wanda ba ya saurin tashi a iska in an yi zafi. Yana kashe mai faɗin ganye ya bar dangin ciyawa, ke nan ba zai taɓa harƙiya ko tuji ba, kada ka ƙara awo don su. Aya-aya tana da nata, mai sinadarin halosulfuron, shi ma sai fili ya kafu. Tofa ko wani dogon haki da ya gagara, sai a jiƙa ɗan soso ko burushin fenti da glyphosate, da safar roba a hannu, a shafa wa ganyensa shi kaɗai. Ɗigo ɗaya in ya sauka a kan ciyawarka zai bar tabo.

Awon da ke jikin kwalba yawanci na hekta ne, hekta kuwa murabba'in mita 10,000 ce, filinka na 100 kashi ɗaya cikin ɗari ke nan. In takarda ta ce lita 2 a hekta, kai mililita 20 za ka ɗiba, da sirinji, ba da murfin kwalba ba. Don sanin yawan ruwan da za ka haɗa, zuba ruwa zalla a famfo ka fesa filin da tafiyarka ta yau da kullum, ka ga lita nawa ya ci. Cikin wannan adadin za ka zuba maganin. Da safe ake feshi, iska a kwance, raɓa ta ɗaga, ba alamar ruwan sama. Kada a yi aski kwana biyu kafin feshi da kwana biyu bayansa, don ganyen hakin ya samu shan maganin. Filin da ke jin ƙishi ba a fesa masa komai, a ba shi ruwa tukuna.

Gidajenmu ba ciyawa kaɗai ke ciki ba. Akwai zogale a gefe, da gwanda, da 'yan tumatir da kuɓewar uwargida. Ƙurar 2,4-D kaɗan in iska ta kai musu, ganyensu zai murɗe ya ƙanƙance. Riƙe bakin famfo ƙasa-ƙasa, ka bar tazara da su, abin da ke kusa da su a cire da hannu. Famfon da ya sha maganin ciyawa a ware shi, kada a fesa wa kayan lambu maganin ƙwari da shi. Mai feshi ya sa dogon wando da riga mai dogon hannu da takalmin roba da takunkumi, ya yi wanka da ya gama. Yara da kaji su kauce har ganye ya bushe. Ciyawar da aka aske bayan feshi kada a zuba wa rago ko zomo, kada kuma a shimfiɗa ta a gindin tumatir, har sai wa'adin da takardar maganin ta faɗa ya wuce. Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye ta sau uku a juye ruwan cikin famfo, a huda ta, don kada wani ya tsinta ya zuba man gyaɗa ko ruwan sha.

Shi kuwa maganin ɗaure ƙasa da na hana a farko, lokacinsa yana zuwa a damina ta biyu, bayan fili ya rufe ya yi saiwa, a sa shi gab da saukar ruwan farko kafin harƙiya da tuji su tsage. Amma in akwai wuraren da suka yi sanƙo kana son sake watsa musu iri, to zaɓi ɗaya za ka yi a wannan shekarar, ko iri ko magani.

Taki kuma a ci gaba da shi kaɗan-kaɗan duk mako huɗu zuwa shida muddin ciyawa tana girma, ana sauya yuriya da kamfa. Da iskar hunturu ta fara kaɗawa, wajen Nuwamba, girma zai ja baya, launi ya dusashe. A dakatar da yuriya a lokacin, a ɗan ɗaga tsawon aski, a riƙa ba da ruwa mai zurfi sau ɗaya ko biyu a mako, sai sanyi ya ɗaga a ga sabon toho sannan a koma sikeli.